JINYAR YARO BAYAN AIKIN ƘABA: YADDA ZA A SAUƘAƘA MASA RAƊAƊI

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya a nan Sabo, Ibadan. Mun buga shi ne domin waɗanda ba su sami halarta ba, musamman iyayenmu mata.)

 

Kowa a nan ya san ni ba likita ba ne, sana'ata goro. Abin da ya sa shugabanni suka ɗora mini wannan magana shi ne, ina cikin waɗanda ake tasowa su raka mutanenmu asibiti don yin tafinta, saboda ɗan Yarbanci da Turancin da zaman kurmi ya koya mana. A cikin wannan rakiya na lura da abu guda. Aikin ƙaba na yara, da yardar Allah, yakan yi kyau, a sallami yaro a ranar. Wahalar takan zo ne a daren farko, a gida, inda babu likita babu nas, sai uwa da yaro da kuka. Don haka na zauna da masu aikin asibiti na yi ta tambaya ina rubutawa, abin da na samo shi na kawo muku.

MECE CE ƘABAR YARA?

Tun yaro namiji yana ciki, 'ya'yan marainansa a cikin cikinsa suke. Can wajen wata na bakwai zuwa na takwas sai su gangaro ta wata 'yar hanya da ke gindin mara, su sauka cikin jakarsu. Bisa al'ada hanyar nan takan rufe. Idan ba ta rufe ba, sai hanji ya riƙa leƙowa ta nan, a ga kumburi a matsematsi ko a maraina idan yaro yana kuka ko yunƙuri, in ya kwanta ya koma. Idan kuwa ruwa ne kaɗai ya bi hanyar, ita ce gwaiwar ruwa. Kun ga ke nan ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa ko na ungozoma ba ne. Ta fi yawa ga maza, ta fi fitowa ta dama, ta kuma fi kama bakwaini. 'Ya'ya mata ma suna yi, sai dai ba su kai maza ba.

Irin wannan ƙaba ba ta warkewa da jiƙo ko ɗauri, kuma haɗari ne babba a kai wa wanzami ya yi sakiya, don abin da ke cikin kumburin hanji ne. Maganinta aiki. Likita zai yi 'yar tsaga da ba ta wuce gaɓar yatsa ɗaya ko biyu ba, ya ɗaure bakin hanyar, galibi cikin abin da bai kai awa guda ba. Amma ƙaton cibiya, wanda muke gani ga yaranmu da yawa, hukuncinsa daban, don yawanci yakan rufe da kansa kafin shekara huɗu ko biyar, kuma ɗaura masa kwabo ba ya ƙara komai.

Tun da an ambaci aiki, bari in tunatar: idan an ce kada yaro ya ci komai kafin a shiga da shi, to komai ake nufi, ko koko, ko nono, ko rubutu, sai a kan lokacin da suka yanka. Abin da ke ciki yana iya tasowa ya shaƙe shi alhali yana cikin barcin allura.

YARO YANA JIN CIWO

Mu Hausawa muna son jarumtaka. Tun ranar kaciya ake gaya wa yaro namiji ba ya kuka. Ga kuma alkunya, wadda kan hana uwa nuna damuwa a kan ɗan fari a gaban surukai. Waɗannan ɗabi'u suna da wurinsu, amma ɗakin jinya ba ya cikinsa. Akwai kuma masu cewa jariri bai san ciwo ba. Kada mu yi musu dariya, don har cikin shekarun 1980 akwai likitoci a ƙasashen Turawa da ke yi wa jarirai aiki da ɗan abin kashe zafi kaɗan bisa wannan zato. A shekarar 1987 ne wani likita ɗan asalin Indiya mai suna Anand, shi da abokan aikinsa, suka fito da binciken da ya nuna jariran da aka kashe wa zafi sosai sun fi samun sauƙi bayan aiki. Daga nan aka sake lale.

Ciwon da aka bari yana da ɓarna. Yaro zai ƙi nono, ya ƙi barci, ya ƙi motsi, ya riƙe fitsari da bayan gida don tsoro. Sannan tsoron asibiti ya zauna masa a rai, gobe in an ce allurar rigakafi sai an yi kokawa.

To, yaya za a gane? Wanda ya kai shekara huɗu zuwa sama a tambaye shi cikin lallashi: kaɗan ne, da dama ne, ko sosai? Ya nuna wurin da yatsa. Wanda bai iya magana ba kuwa, ma'aikatan asibiti abu biyar suke dubawa, mu ma za mu iya. A dubi fuska, ko ya ɗaure ta yana cije baki. A dubi ƙafafu, ko yana naɗe su zuwa ciki ko yana shure-shure. A dubi kwanciyarsa, ko yana ta juyi ko ya sandare. A saurari kukan, na yunwa ne da ke tsayawa in an ba da nono, ko mai tsanani ne. Na biyar, in an ɗauke shi an rarrasa, yana yin shiru ko ba ya yi. Ku kuma kula da yaron da ya yi lamo, ba kuka ba wasa, ya ƙura wa bango ido. Sau da yawa ana yaba masa haƙuri, alhali motsi ne yake tsoro.

INDA AKE RUƊUWA

Yayin aiki, bayan maganin barci, likitoci kan ƙara wata allura ta kashe zafi, ko dai a bakin tsagar ko a can ƙarshen gadon baya wajen tsatso. Ita ce ke sa yaro ya farka garau har ya nemi wasa. Idan ta baya aka yi, ƙafafunsa kan yi nauyi na 'yan awoyi, saboda haka kada a bar shi ya miƙe shi kaɗai. Amma allurar nan ba ta kwana. Bayan kamar awa huɗu zuwa shida takan sake shi. Ku lissafa: an yi aiki da hantsi, an sallame ku da la'asar, kun iso Sabo ana ta barka, an ga yaro lafiya lau an ce ai ba ya bukatar magani. Ana idar da lisha sai ciwo ya taso gaba ɗaya, ga dare, ga kemis a rufe, maigida kuma wataƙila yana kan hanyar Shagamu ko Ikko.

Dabarar ita ce a riga ciwon. Tun kafin ku baro asibiti ku tambayi nas abu uku: wane magani aka ba shi a nan, da ƙarfe nawa, kuma ƙarfe nawa za a ba da na gaba? A rubuta muku. A sayi maganin tun rana. A kwana biyun farko a riƙa bayarwa a kan lokaci ko da yaro bai yi kuka ba, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga kwana na uku yawancin yara sun warware, sai a koma bayarwa in an ga bukata.

MAGANI DA AWO

Magunguna biyu ne aka fi rubutawa, kuma sun isa ga yawancin yara. Na farko farasitamol, wanda muka fi sani da Panadol. Na biyu ibufurofen.

A nan nake son 'yan'uwana 'yan kasuwa su buɗe kunne, don maganar awo ce, mu kuwa da awo muke ci. Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi, shekaru ba su isa hujja ba, tun da 'yan shekara uku biyu wani ya fi wani nauyi nesa. Ƙa'idar farasitamol ita ce miligiram 15 ga kowane kilo ɗaya na nauyin yaro. Alal misali, yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 150. Ruwan maganin da aka fi samu a kemis yana da miligiram 120 ko 125 a cikin kowane mil 5, wato yaron nan zai sha wajen mil 6 ke nan. Mai kilo 20 zai sha ninkin haka. Amma akwai wata kwalbar mai ƙarfi, miligiram 250 a mil 5. Wanda ya ɗebi mil 6 daga cikinta ya ba mai kilo 10, ya ba shi ninki biyu bai sani ba. Ƙwayar manya kuwa miligiram 500 ce, ta fi ninki uku na abin da yaron nan ke bukata. Saboda haka a karanta jikin kwalba, in ba a iya ba a kai wa ɗan makaranta ya karanta. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, da bakwaini, nasu awon ya fi haka ƙanƙanta, likita kaɗai ke yanka shi.

Kada a auna da cokalin shayi. Cokulan gidajenmu kamar mudun kasuwa suke, na Bodija daban, na Oja Oba daban. A nemi sirinji marar allura, a sa nas ta ja layi da biro daidai inda za a tsaya. A zuba a hankali ta gefen kunci, yaro yana zaune ko an tallafe shi. Ɗure da toshe hanci, irin na kakanninmu, yana iya kai magani cikin huhu.

Tsakanin sha da sha na farasitamol a bar aƙalla awa huɗu, an fi son shida, kuma kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Ga wani wuri da ke bukatar kula. Mun saba ɗaura komai a kan lokutan salla, a ce a ba shi bayan kowace salla. To salloli biyar ne, magani kuwa huɗu ne iyakarsa, kuma tsakanin magariba da lisha da ƙyar a yi awa ɗaya da rabi. A bi agogo: misali shida na safe, sha biyun rana, shida na yamma, sha biyun dare. Farasitamol in ya yi yawa hanta yake ci, kuma ba ya nuna alama a ranar, sai bayan kwana biyu ko uku, lokacin da gyara ya yi wuya.

Daɗin daɗawa, gidajenmu gidajen yawa ne. Uwa ta ba da magani ta shiga wanka, abokiyar zamanta ta ji kuka ta ba da, kaka ta zo dubiya ita ma ta ba da, kowacce da kyakkyawar niyya. Don haka mutum ɗaya ya riƙe kwalba, a kuma manna takarda a bango, duk wanda ya bayar ya rubuta lokaci. Bugu da ƙari, magungunan mura da na haƙori da yawa akwai farasitamol a cikinsu, kada a haɗa sai an tambaya.

Shi ibufurofen, miligiram 5 zuwa 10 ne ga kowane kilo, bayan awa shida zuwa takwas, sau uku a yini, kuma a kan abinci ko nono. Yana rage kumburi, kuma in likita ya rubuta su biyun, ana iya haɗa shi da farasitamol don aikinsu ya bambanta. Sai dai ba kowane yaro ake ba ba. Ban da jaririn da bai kai wata uku ba, ban da mai amai da gudawa ko wanda ba ya shan ruwa, ban da mai ciwon ƙoda ko gyambon ciki, da mai ƙarambau, da mai asmar da irin wannan magani ke tayar masa. Idan yaro mai sikila ne, ko yana shan wani magani, a faɗa wa likita tun kafin aiki.

ABUBUWAN DA ZA A NISANTA

Na ɗaya asfirin. Ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba sai da umurnin likita, don yana iya jawo wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, ga shi kuma yana tsinka jini, abin da mai sabon ɗinki ba ya so. Mu da ke ƙasar Yarbawa mun san garin Alabukun, babu shagon da ba ya nan. To asfirin ne a cikinsa da sinadarin da ke cikin goro da kofi. Na manya ne, a ɗauke shi daga inda yara suke.

Na biyu kodin da tiramadol. A wasu yaran jiki kan sarrafa su da sauri fiye da kima, numfashi ya yi ƙasa cikin barci, a wayi gari babu rai. A shekarar 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba da su ga yaran da ba su kai shekara 12 ba. A nan gida kuma, a 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Duk wanda ya ce a ɓantari rabin tiramadol a ba yaro ya yi barci, a gode masa a wuce.

Na uku maganin talla, na kan faranti da na cikin mota. Dattawan da ke nan za su tuna a 1990 yara fiye da 100 suka rasu a nan Badun da Jos saboda ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba, irin wanda ake sa wa a man birki, mai kashe ƙoda. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 aka sake yi da maganin haƙori mai suna My Pikin, yara 84 suka tafi. Saboda haka a sayi magani a asibiti ko babban kemis mai rajista, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa. Araha ba ta ado, balle a kan ran yaro.

Na huɗu jiƙe-jiƙe, ko namu na gida ko agbo na maƙwabtanmu. Ba a san awonsu ba, wasu ma da barasa ake jiƙa su. Haka kuma kada a shafa wa ɗinkin komai, ko man kaɗanya, ko man zafi, ko toka, kuma kada a gasa shi da ruwan zafi kamar na jego. Addu'a kam a yi ta, a dafa kan yaro, amma filasta a bar ta yadda aka manna.

ABIN DA BA A SAYA DA KUƊI

Rabin maganin yaro jikin uwarsa ne. Mai shan nono a ba shi da zarar an ba da izini, a rungume shi, a yi masa 'yar waƙar reno. Babba a yi masa tatsuniya, a kunna masa abin kallo, a bar 'yan'uwansa su zauna kusa ba tare da kokawa ba. A faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa: wurin zai yi zafi kaɗan, ga magani, jibi za ka ji daɗi. Kada a tsorata shi da cewa in ya yi kuka za a mai da shi a sake yankawa. Mu iyaye maza kuma, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Wanda ya san ranar aikin ɗansa, ya ɗaga tafiyar fatauci da kwana biyu, kasuwa ba ta gudu.

Ranar dawowa a nemi mota ko keke mai ƙafa uku, kada a ɗora shi a kan okada ya buɗe ƙafafu ana faɗawa ramuka. A sa masa riga mai yalwa, wando mai roba ya dakata. Mai kunzugu a riƙa canza masa da wuri don fitsari kada ya jiƙa wurin. A kwana biyun farko a goge masa jiki da tsumma, wanka sai lokacin da asibiti suka ce. In za a goya shi a tambayi nas tukuna, kuma kada a matse zane a kan ɗinkin. A fara da ruwa kaɗan-kaɗan, sannan koko, sannan abinci. A ba shi ruwa sosai da gwanda da lemo da miyar ganye, don taurin bayan gida yana sa yunƙuri, yunƙuri kuwa yana tayar da ciwo. In zai yi tari, ya dafa wurin da tafin hannu. Tafiya a tsakar gida tana da kyau, amma ƙwallo da keke da kokawa su jira kamar mako biyu ko yadda likita ya ce. Ɗan kumburi ko canjin launi a maraina na 'yan kwanaki ba abin tashin hankali ba ne. Ɗinkin ma galibi da zaren da ke narkewa da kansa ake yi.

LOKACIN KOMAWA ASIBITI

Akwai alamun da in an gan su ba a jiran gari ya waye, ba a kuma jiran ranar da aka rubuta a kati. Ciwon da ke ƙaruwa duk da an ba da magani daidai. Zazzaɓi mai zafi, wato awo 38 zuwa sama. Kada a ce maleriya ce a sayo magani, a je a gwada, don mai yiwuwa ɗinkin ne. Jinin da ya jiƙa filasta bai tsaya ba. Wurin ya yi ja, ya yi zafi, yana fitar da mugunya ko wari. Amai ba ƙaƙƙautawa, musamman kore. Ciki ya kumbura ya yi tauri. Yaro ya yi wajen awa takwas bai yi fitsari ba. Maraina sun yi kumburi mai tsanani, ko kumburin da ya sa aka yi aikin ya dawo. Barci mai nauyi da ba a iya tashinsa, ko numfashi yana yankewa. Wannan na ƙarshe ya fi faruwa ga bakwaini da ƙananan jarirai, shi ya sa ake kwantar da su a kwana ana dubawa. In an ce ku kwana, kada a yi gardama don kuɗin gado.

Alhamdu lillahi garin nan ba ya rasa wurin zuwa. Ga babban asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe tun 1957, nan kusa da mu, ga Adeoyo, ga asibitin yara na Oni Memorial. Abin da ya fi shi ne a koma inda aka yi aikin, da kati da kwalaben maganin a hannu.

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Ina da roƙo uku. Na farko, a fitar da sunayen matasanmu maza da mata masu jin Yarbanci da Turanci, a riƙa haɗa duk mai zuwa aiki da ɗaya daga cikinsu, don matanmu da yawa kunya kan sa su ce to alhali ba su gane ba. Na biyu, a sayi sikelin awon yara da ma'aunin zafin jiki a ajiye a ofis, mai bukata ya ara. Na uku, direbobinmu su yi juyi, kowane mako a san wanda za a buga wa ƙofa in dare ya yi da mara lafiya.

Ku kuma da kuka ji, ku kai gida. A karanta wa mata, a karanta wa kakanni, don su ne ke tsaye a kan yaran. Abin da likitan da ya ga yaronku ya rubuta shi ne gaba da duk abin da na faɗa a nan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu.